Idon Malam Hudu Magini

Duk Kurfi an san Malam Hudu magini da ido ɗaya yake aiki. Na hagun ƙyanda ta taɓa shi tun yana yaro, ta bar masa gani dishi-dishi, wanda ba ya raba mutum da turmi sai in mutumin ya motsa. Na daman kuwa sai dai a ce masha Allah. Zai ja baya ya karkata kai ya dubi katanga, ya ce wa leburori bulo na huɗu daga ƙasa ya leƙo waje, in an ɗora igiya a tarar haka ne. Shekara talatin da ɗoriya da wannan ido guda yake ciyar da gidansa.

Saudatu ita ce 'yarsa ta fari, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunanta ba. In zai aike ta, sai ya ce a gaya wa waccan ta kawo ruwa, alhali waccan ɗin tana tsaye a gabansa kuma babu kowa a wurin sai su biyu. Ita ma ba ta taɓa tsayar da idonta a fuskarsa ba. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Ranar da za ta fara makarantar koyon jinya a Katsina shi ya ɗauki akwatinta a ka har ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai, ya dire, ya juya ko sallama babu. Direban da ya dawo da shi ne ya ba da labari cewa tun daga tasha har Kurfi bakin rawani yake kai wa fuska.

Wata Litinin cikin damina yana yi wa wani shago filasta a Birchi, yana kan katako, kansa a ɗage yana shafe ƙasan rufin kankare, sai curin kwaɓi ya saki ya faɗo masa cikin idon dama. Manu, wanda suka daɗe suna aiki tare, ya kwarara masa ruwan buta, ya goyo shi a babur zuwa ƙaramin asibitin da Saudatu ke aiki. Kuma Allah da ikonsa, ita ce a ɗakin gaggawa ranar, ita kaɗai, domin abokiyar aikinta tana can kan wata mai naƙuda.

Ba ta ruɗe ba, wannan kam a ba ta. Ta kwantar da shi, ta rataye ledar ƙarin ruwa, ta zagaya ta bayan kansa inda ba za su haɗa ido ba, ta sakar masa ruwan a kan idon. Shi kuwa ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa suka tashi, amma ko tari bai yi ba. Da ledar ta ƙare sai ta tuna da wani ɗan kwali a cikin durowa, na takardun gwajin pH, wanda aka kawo musu bara aka ajiye ba tare da an nuna wa kowa yadda ake yi ba. Abin da ta sani shi ne abin da ke jikin kwalin: in takardar ta yi ja, tsami ne irin na ruwan batir, in ta yi shuɗi, ɓangaren kanwa da soda da siminti ne, in ta yi kore, lamba bakwai ke nan, ido ya koma daidai. Ta zaro ɗaya ta dangwala a gefen idon, yana jiƙe sharaf da ruwan leda. Takarda ta yi kore shar.

Akwai sauran abu ɗaya, kuma ta san da shi, don an taɓa faɗa musu a aji. Ya kamata ta juya fatar idon ta sama ta duba ƙarƙashinta. Amma wannan ba a yin sa daga bayan kai. Dole sai ta zagayo gabansa, ta sunkuya har numfashinta ya taɓa fuskarsa, ta kama gashin idonsa da yatsa, ta ce masa dubi ƙasa, kada ka motsa, kamar yadda take yi wa 'ya'yan mutane. Ta zagayo ɗin, ta miƙa hannu. Malam Hudu ya kau da kai.

"Ya isa hakanan," in ji shi a hankali. "Allah shi yi albarka."

Tun da aka haife ta bai taɓa sa mata albarka kai tsaye ba, sai dai a kawo mata saƙo. Daɗi ya kama ta, kunya ta rufe ta, ta janye hannunta. Ai ga takarda ma ta nuna kore. Ta sa masa magani ta rufe idon da bandeji, ta juya wajen Manu, domin shi ne za ta iya yi wa magana.

"Ya wanku tas, Kawu Manu. Kwana biyu zai warware."

Talata da Laraba ta je gidan, amma iyakarta madafi. Ta tambayi mahaifiyarta, Inna Mairo, ya mai jiki, Inna Mairo ta leƙa ɗaki ta dawo da amsa. Talata aka ce idon ya yi ja kamar garwashi, yana zafi. Laraba aka ce da sauƙi. Ranar Alhamis da safe tana cikin motar Dutsin-Ma, za ta wata bita da aka kira ma'aikatan ɗakunan gaggawa, sai ga wayar Inna Mairo, murya cike da murna.

"Ke, albishirinki. Mun cire ƙyallen. Jan nan duk ya tafi, ido ya yi fari sol, kuma ya ce ko kaɗan ba ya jin zafi. Na jiƙa shinkafa tun jiya, waina zan yi ta sadaka."

Saudatu ta yi hamdala har matar da ke gefenta ta taya ta, ba tare da ta san a kan mene ne ba.

Bita dai kowa ya san ta. A ba ka jaka da biro da littafin da ba za ka rubuta komai a ciki ba, wani ya tsaya gaban majigi ya yi ta karanto abin da kai ma kana gani, kai kuma kana lissafin ƙarfe nawa za a kawo shinkafa. Da wannan niyyar mutum ashirin da wani abu suka zauna, daga Kurfi, daga Dabawa, daga cikin garin Dutsin-Ma. Sai ga wata 'yar ƙaramar mata ta shigo, likitar ido ce daga Katsina, Dokta Fiddausi, bayanta wani mahauci ɗauke da tire. A kan tiren kawunan raguna ne guda huɗu, da fatarsu da idanunsu.

Aka yi dariya. Wani ya ce ashe farfesu za a koya. Dokta Fiddausi ba ta yi dariyar ba, ba ta kuma hana su ba. Ta jira suka gama, ta ce ta sa wa kowane rago siminti a ido, tana son wanda ya tabbata ya iya aikinsa ya taso ya ceci na farko.

Kamilu ne ya taso, wani ma'aikacin jinya mai son a san ya sani. Ya rataye leda, ya wanke idon ragon da kyau har ruwan ya ƙare, ya zari takarda ya dangwala, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Kore ce. Saudatu ta gyaɗa kai, don daidai yadda ta yi ke nan.

"Ka sallame shi?" in ji Dokta.

"Na sallame shi, ranki ya daɗe. Ya je ya ci dusa."

"To koma ka zauna. Kowa ya dubi agogonsa. Minti biyar, kada wanda ya taɓa shi."

Minti biyar a ɗakin da aka yi shiru ba ƙaramin lokaci ba ne. Da suka cika, ta ɗauki sabuwar takarda, ta ja fatar idon ta ƙasa, ta sa bakin takardar a cikin lungun, ba a kan baƙin idon ba, ta bari ta jiƙa. Tana ɗagowa kowa ya ga ta rine ta koma shuɗi mai duhu.

"Goma sha ɗaya," ta ce. "Malam Kamilu, abin da ka auna ɗazu ruwan ledarka ne, ba idon ba. Ruwan leda kullum lafiyarsa lau. Sai ka tsaya ya tsane, ka jira, sannan ido zai faɗa maka gaskiya. In bai yi bakwai ba ka ƙara leda, ka sake jira, ka sake aunawa, ko da leda goma za ta ci. Ka auna ɗayan idon ma, ka kwatanta."

Sai ta kama gashin idon ragon, ta dafa tsinken auduga a bayan fatar ta sama, ta juya ta. Ga shi nan a manne, ɗan ɓarɓashin siminti da bai kai ƙwayar gero ba. Ta ce wannan ɗan abin, muddin yana ciki, ci yake yi. Ruwan batir yana ƙona sama ya tsaya, amma siminti da soda nutsawa suke, yau da gobe da jibi, har su gama da idon. Ta ce ba a barin mai irin wannan rauni ya tafi sai an juya fatar an share, ko yana kuka, ko yana zagi, ko wane ne shi.

Tun daga nan Saudatu ta tuna fatar da ba ta juya ba. Amma ta riƙe abu ɗaya, ta ƙanƙame shi: idon ya yi fari, zafi ya tafi. Da akwai saura a ciki ai da yana nan ja.

Dokta Fiddausi ta kunna majigi. Hoto biyu ne kawai. Ido ɗaya jajawur, ya kumbura, yana zubar da ruwa, ko kallonsa ba daɗi. Ɗayan fari fat, a natse, kamar ba abin da ya same shi in ban da baƙin da ya ɗan yi gajimare. Ta ce wanne ya fi tsanani. Ɗaki ya amsa baki ɗaya cewa jan. Muryar Saudatu ta fi ta kowa fitowa.

"Jan nan yana gani yanzu haka, da tabarau ma yake karatu," in ji Dokta. "Ja alama ce jini na zuwa, ido na faɗa da ciwon. Wannan farin, jijiyoyin jininsa ne suka ƙone, shi ya sa ya yi fari. Jijiyoyin jin zafi ma sun ƙone, shi ya sa mai shi zai ce maka ya warke. In aka zo maka da murna an ce ja ya tafi, zafi ya tafi, a kwana biyu, to kai kada ka yi murna."

Saudatu ba ta san ta miƙe tsaye ba sai da ta ga duk an juyo ana kallonta.

"Dokta, in ya kwana uku a ciki fa?"

Likitar ta dube ta da kyau. Ta bar gaban majigi ta tako har inda take, ta rage murya.

"Wane ne?"

"Mahaifina. Kuma shi ke nan idon nashi, ɗayan ba ya gani da shi."

"Ke kika wanke?"

"Ni ce."

Saudatu ta fi son da Dokta Fiddausi ta zage ta, amma likitar sai ta hau shiri. Ta haɗa mata kwalin takardu, da tsinken auduga, da maganin ɗigawa mai kashe zafi, da leda huɗu na ruwan da aka kawo don raguna. Ta rubuta lambar wayarta a bayan kwalin. Ta ce ta je ta cire abin da ya rage, ta wanke har ya yi bakwai na gaskiya, ta wuce da shi Katsina yau ɗin nan, ita ma tana tashi daga nan can za ta.

"Ba zan yi maki alkawarin komai ba," ta ce. "Kin ji abin da na faɗa ɗazu, ba zan canza shi don ke ba. Amma ki yi sauri."

A tasha motar Kurfi saura mutum biyar ta cika. Ba ta jira ba, ta hau babur. Gero da dawa sun yi kore a hagu da dama, manoma na ta noma na biyu, duniya na ta harkarta. Ita kuwa babu abin da take gani sai hannunta ranar Litinin, yadda ya miƙa ya kusa isa, ya dawo. Tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ta yi kuka a bayan ɗan acaɓan har suka wuce Birchi, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara wuta.

Ƙamshin waina ne ya tare ta tun daga zaure. Tsakar gida cike da matan maƙwabta, Inna Mairo na gaban tanda, ana zubawa a kwanuka ana aikawa gida-gida. Suna ganinta aka hau sa albarka. Wata ta ce ga likitarmu, wata ta ce ai haihuwa ta yi rana, wata ta ce da ba don ita ba da yanzu wani labarin ake. Saudatu ta ratsa su ba ta amsa wa kowa ba, ta ɗaga labulen ɗakin mahaifinta, ɗakin da rabonta da shiga tun tana 'yar mitsitsiya.

Yana zaune a kan tabarma, ya jingina da bango, carbi a hannu. Ta durƙusa a gabansa, kusa, har gwiwarta na taɓa tabarmar.

"Baba, zan duba idon."

"Ai ya warke. Ba su gaya maki ba?"

"Ka juyo nan."

Ya fara kau da kai kamar ranar Litinin. Ta sa hannu biyu ta riƙe fuskarsa ta dawo da ita. Fatarsa da kaushi, gemunsa ya fi yadda take zato furfura. Farin idon ya yi fari irin na hoton nan, baƙin kuma ya dushe kamar an ɗiga nono a ruwa. Ta ɗiga masa maganin, duk da ta san ba zai ji komai ba. Ta sa takarda a lungun ƙasa, ta fito da shuɗi. Ta ce ya dubi ƙasa, ta kama gashin idon ta juya fatar. Guda biyu ne, ba ɗaya ba, sun lafe a cikin naman, kewayensu ya yi fari ya mutu. Ta share su da audugar. Aikin da bai ɗauke ta minti ɗaya ba.

Ta kwantar da shi, ta maƙala leda a ƙusar da yake rataye riga, ta saki ruwa, tana tarawa da kwano. Leda ta ƙare. Ta dubi agogo ta zauna jira. A waje mata na dariya. Ta kunna fitilar wayarta ta haska masa a idon.

"Kana ganin haske?"

Ya ƙifta idon.

"Baba."

"Kamar ana kunna ashana a bayan bargo," ya ce.

"Tun yaushe?"

"Tun Talata da la'asar na ɗaga ƙyallen na duba. Ban ga hannuna ba."

Ranar Talata da la'asar tana gidan nan, a madafi, tana taya Inna Mairo gyaran zogale. Taku goma ne tsakaninsu. Da ya faɗa, da a ranar sun kwana a Katsina.

"Mi ya hana ka faɗi?" in ji ta.

Ya ja carbin, ya amsa.

"Ke kika ce ya wanku. Manu ya faɗa ma mutane a masallaci, kowa na ta sa maki albarka. To ni in tashi in ce ma wa bai wanku ba? In ce aikin ɗiyata bai yi ba? Na ce bari in yi haƙuri, halan ya washe da kanshi."

Nan ne zuciyarta ta karye gaba ɗaya. Ita ta ji kunyarsa ta bar masa wuta a ido, shi ya ji tausayinta ya rufe wutar da bandeji ya zauna a kanta kwana uku. Babu mugu a cikinsu, kuma ga abin da suka yi. Ta so ta kifa kai a ƙafarsa ta yi ta kuka, amma minti biyar sun cika, sai ta zari takarda. Tara. Ta rataye leda ta biyu. Bayan ta uku ta nuna takwas. Sai bayan ta huɗu, da jira cikakke, takardar ta yi kore, koren gaskiya, wanda ya zo a makare da kwana uku.

"Da kin juya fatar ran Litinin," ya ce, "da ya tsira?"

Tana iya cewa Allah ne masani, kuma da ba ƙarya ta yi ba. Amma ta gaji da maganar da ake zagayawa da ita.

"Da wataƙila ya tsira, Baba. Da dama-dama."

"Ni na ce maki ya isa."

"Ni ce ma'aikaciyar. Bai kamata in ji maganarka ba."

Ta kira Manu a waya ta ce ya samo mota zuwa Katsina yanzu-yanzu. Ta ɗauko hular mahaifinta ta sa masa a hannu, ta jawo takalmansa ta ajiye a gaban ƙafafunsa, domin ta lura yana laluben su. Ya miƙe, ya tsaya yana sauraren hayaniyar tsakar gida.

"Ki bari matan nan su watse tukuna," ya ce. "In sun ga ana ja na, ke za su zaga da baki."

"Ba za mu ƙara jiran komai ba."

Ta kama hannunsa ta ɗaga labule. Hira ta ɗauke ɗif. Inna Mairo ta ɗago daga gaban tanda da cokali a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi hannun da ke riƙe da shi, murmushin bai gama barin fuskarta ba.

"Ina kuma za ku?"

"Katsina, Inna. Idon bai wanku ba. Ni ce ban wanke shi daidai ba."

Matan suka janye kwanukansu suka ba su hanya, suka ratsa tsakar gidan a hankali, shi yana jan ƙafa kamar mai tafiya a cikin ruwa. Da suka iso bakin zaure ta rage tafiya.

"Ɗaga ƙafa, Baba, dokin ƙofa ne."

"Na sani," ya ce. "Ni na gina shi."

Ya ɗaga ƙafar, amma ya ɗaga ta da wuri, ya sauke ta kafin ya kai, yatsunsa suka daki simintin. Ta ji duk nauyinsa ya dawo kan hannunta.